A Ɗaga wa 'Yan Makaranta Ƙafa Idan Hunturu Ya Kama

Ƙarfe biyar saura kwata maman yara take tashi tun da hunturun nan ya kankama. Ina kwance ina jin ta a tsakar gida tana fifita gawayi da murfin roba, saboda ɗan gas ɗin da muke iya cikawa bai kai na dafa ruwan wankan mutum biyar ba, na shayi ne da ɗumame. Kafin ladan ya kira assalatu ta ɗora babbar tukunya. Ina dawowa daga masallaci sai a shiga daru. Babbar 'yarmu, wadda take aji biyu a ƙaramar sakandare, kira ɗaya take tashi. Na tsakiya sai an yaye masa bargo an haɗa da faɗa. Autan kuwa, ɗan shekara 6, cicciɓarsa ake yi kamar buhun gero a dire a makewayi, kuma daga nan duk layinmu sai an san ana yi masa wanka. Ruwan da zafinsa, amma makewayin ba rufi, irin na yawancin gidajen unguwar, kafin a kwara masa kofi na biyu iska ta huce na farko a jikinsa. Ya fito haƙora na haɗuwa, a mulke shi da man kaɗanya har cikin hanci, a sa masa singileti biyu ƙarƙashin rigar makaranta, a miƙa masa koko. Rabin kofi yake sha ya ture, wai ba ya jin yunwa. Wa zai ji yunwa ƙarfe shida da rabi, gari bai gama wayewa ba?

Bakwai da 'yan mintoci muke hawa babur, auta a kan tanki, biyu a baya. Iska na yanka fuska kamar reza, idona na tsiyayar ruwa, yatsuna sun ƙage a kan birki. Hazo ya rufe gari, motoci na tafe da fitila a kunne. A gefen titi ga 'yan firamaren gwamnati nan, wasu da silifa, ƙafa fari fat da kaushi, hannuwa a hammata, 'yan matan sun dunƙule cikin hijabi, suna tafe sauri-sauri gudu-gudu kada a rufe ƙofa.

Wata Talata a makon jiya gawayi ya ƙi kamawa, muka makara da minti goma. Muka tarar an ja ƙofa, yara sun fi ashirin durƙushe a kan siminti a waje, hannu a sama, wani malami na kewaya su da tsumagiya. Shi malamin yana cikin jibgegiyar rigar sanyi, har da hular da ta rufe kunne. Da idonsa ya faɗa kan na tsakiya sai ya ce ya cire suwaitarsa, ba launin makaranta ba ce. Na ce, “Haba Malam, dubi garin nan mana.” Ya ce, “Wallahi Alhaji ba yin kaina ba ne, doka ce daga sama. In na ƙyale shi ni za a tuhuma.” Ban ga laifinsa sosai ba, ɗan aike ne, albashinsa bai kai ya yi jayayya da mai makaranta ba. Suwaitar da makarantar ke sayarwa, mai tambari a ƙirji, kuɗinta ya sayi uku a wurin 'yan gwanjon Ƙofar Wambai, ga ta shara-shara kamar matacin koko. Na saya wa babbar da autan, shi na tsakiya na ce ya lallaɓa da ta gida zuwa ƙarshen wata. Haka ya cire ta a gabana, ya cusa a jaka, ya bi layi ya durƙusa. Na tayar da babur na tafi aiki, amma yini na yi abin na cina.

Abin da nake roƙo a yi ba ya bukatar kwangila ko kwamitin bincike. Daga farkon Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu, ma'aikatun ilimi na jihohin Arewa su fitar da sanarwa wadda za ta hau kan makarantun gwamnati da na kuɗi baki ɗaya, cewa darasi zai riƙa farawa ƙarfe takwas da rabi. A dakatar da tsayuwar asambuli a fili, a yi addu'a da taken ƙasa a cikin aji. A bar kowane yaro ya sa rigar sanyin da ubansa ya iya saya, ja ce ko tsanwa. A rataye bulalar makara har sanyi ya wuce.

Agogo ɗaya Najeriya take bi daga Maiduguri har Birnin Kebbi, amma rana ba ruwanta da agogonmu. A Kano, a ƙarshen Mayu wajen ƙarfe 6 take fitowa. A tsakiyar Janairu kuwa sai bakwai saura minti goma. A Sakkwato da Birnin Kebbi, da suke can yamma, sai bayan ƙarfe 7 ake ganinta. Wato yaron Sakkwato da aka ce lallai ya kasance a layi bakwai da rabi, a cikin duhu aka yi masa wanka, a cikin duhu ya karya, watakila ma a cikin duhun ya fita. Kuma duk mai noman rani da ya taɓa kwana a gona ya san ɗari ya fi tsanani daf da fitowar rana, domin ƙasa ta kwana tana sakin zafin da ta tara da rana, sama kuma wayam ba gajimaren da zai tare shi. A Kano ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 13 ko 12 da asuba, wasu ranakun ya gangara ƙasa da 10. Mutanen Jos su nasu ya fi haka. Amma da rana ta ɗan ɗaga, wajen tara, sai jiki ya fara saki, kafin azahar har mutum ya nemi inuwa. Ashe duk wahalar a cikin awa ɗaya zuwa biyu take, kuma daidai wannan awar muka zaɓa mu tuɓe yara mu zuba musu ruwa, mu ɗora su a babur, mu jera su a fili suna rera waƙa.

Bature in ya ji digiri 12 dariya zai yi. To amma shi gidansa a toshe yake, da na'urar ɗumama ɗaki, ruwan zafi a famfo, ajin ɗansa ma haka. Mu gidajenmu don zafi aka gina su: rufin kwano, daɓen siminti, tsakar gida a buɗe, taga mai raga. Wata tara a shekara iska muke nema, shi ya sa ragowar ukun suke samun mu ba shiri.

Ga kuma ƙura. Mafi yawan hazon nan daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon tafkin Chadi ya ƙafe ya bar gari mai laushi, wurin da masana ke cewa babu inda ya kai shi tayar da ƙura a duniya. Iskar arewa maso gabas ta kwaso shi ta sauke mana a hanci. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan yi gargaɗi idan zai yi kauri, ta ce masu ciwon numfashi su yi hattara, kuma kowace shekara sai an ji jirage sun kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano an ɗage tafiya. Jirgi da duk na'urorinsa ana ɗaga masa ƙafa har gari ya washe. Ɗan shekara shida kuwa, wanda zai tsallaka titi a cikin hazon da direba ba ya hango gabansa sosai, shi ba a ɗaga masa.

Mura da majina da haɓo da fashewar leɓe, waɗannan mun ɗauke su kayan hunturu, ba ma ko lissafa su a ciwo. Waɗanda nake ji su ne masu asma da masu sikila. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu sikila, wato amosanin jini, ana haifar jarirai wajen 150,000 da shi a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonsa. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, hunturu kuma ya haɗa duka biyun, domin iskar tana tsotse ruwan jiki alhali yaro ba ya jin ƙishirwa balle ya sha. Akwai 'yar maƙwabcinmu, sa'ar na tsakiya, yarinya mai ƙoƙari. Da Disamba ta kama uwarta take fara zullumi. Bara sati uku ta yi ba ta leƙa aji ba, biyu a gadon asibiti, ɗaya a gida. Da ta koma aka ce ta yi fashi da yawa. A kowace makaranta mai yara ɗari uku ko huɗu da wuya a rasa irinta, kuma ba a rubuce yake a goshinsu ba. Malamin da ke riƙe da tsumagiya a bakin ƙofa bai san wanne ne a cikin durƙusassun nan zai kwana yana ihu saboda ciwon ƙashi ba.

Kada a ɗauka shiga aji shi ne tsira. Nawa 'ya'yan ma da sauƙi, ajinsu da benci da taga mai ƙyaure. A watan Yunin 2024, ranar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano, da bakinsa ya ce ɗalibai sama da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Ƙasan nan siminti ne, inda simintin bai farfashe ba. Mai karatu ya gwada zama a kan siminti ƙarfe takwas na safiyar Janairu da wando ɗaya, a ɗakin da tagoginsa ramuka ne kawai a bango, iska na shiga ta nan tana fita ta can, sannan a ce ya riƙe fensir ya yi rubutu mai kyau. Wannan hali ba na Kano kaɗai ba ne, duk wanda ya zaga firamaren ƙauye a Jigawa ko Katsina ko Bauchi ya ga irinsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, jiha ta kawo nata kason ta karɓi tallafi, kuma an sha jin hukumar na kukan cewa biliyoyin naira na kwance saboda wasu jihohin ba su kawo nasu ba. In an karɓo kuma, hankali ya fi tafiya wurin sabon gini da fenti da katafariyar ƙofa, abin da za a yanka kyalle a ɗauki hoto. Ƙyauren taga ba a yi masa bikin buɗewa. Ni da za a tambaye ni, kafin a aza bulo ɗaya na sabon aji, a fara bin tsofaffin da kafinta da mai walda, a shimfiɗa ko tabarma ce inda benci bai samu ba.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini a majalisarmu. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, “Kai dai kana so ka sangarta yara. Mu da ƙafa muke zuwa, ba takalmi, da ruwan randa muke wanka, ga mu nan ba mu mutu ba. Da sanyin safiya ake kama fara.” Ban yi masa musu a wurin ba, ba tarbiyya ba ce. Amma da na dawo gida na yi ta juya karin maganar. Me ya sa da sanyin safiya ake kama fara? Saboda sanyi ya kashe mata jiki, fiffike ya ƙi buɗuwa, ba ta iya tashi, sai a bi ta a tsince kamar gyaɗa. Duk wanda ya taɓa fita kamun fara ya sani. To a bakin ƙofar makaranta, wane ne mai kamun, wane ne farar? Ka leƙa aji ɗaya a darasin farko ka gani: sun takure, hannu a cikin riga, hanci na zuba, idanu a buɗe amma ba kowa a gidan. Malama na ta “ku maimaita”, suna maimaitawa kamar masu magagin barci. Darasin farkon nan a rajista ne kawai aka yi shi.

Batun “ba mu mutu ba” kuwa, waɗanda suka rayu ne suke faɗa. Waɗanda ciwon haƙarƙari ya ɗauke a shekarun nan ba su zo majalisa ba balle a ji ta bakinsu.

Sannan akwai abin da dattijon ya manta, ni kuma na tuna, domin ni ma ƙauye na tashi. Gaskiya ne da asuba muke fita makarantar allo, tun taurari na sama. Amma ina muke zama? A gindin wuta. Kowane yaro da yamma sai ya kawo ɗaurin kara ko yayi, a tara, da asuba a hura, mu kewaye ta da allunanmu, gaba na gasuwa baya na daskarewa, in ta ci ka ka juya. Hasken karatu ce, abin jin ɗumi ce. Malamanmu na zaure, waɗanda ake yi wa kallon ba su san tsari ba, sun san ba a karatu jiki na kyarma. Boko ta zo ta ɗauki sammakon ta bar wutar.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta ma'aikata. Uban da zai kasance a ofis ƙarfe takwas, uwar da take koyarwa ko aikin jinya, yaya za su yi da yaro har takwas da rabi? Wannan tambaya ce ta gaskiya, ni ma tana shafa ta. Amsar ita ce ba a ce a kulle makaranta ba. A buɗe ƙofa tun bakwai da kwata kamar kullum, malamin da ke kan aiki ya kasance yana nan, yaron da aka kawo da wuri ya shige aji ya zauna cikin suwaitarsa, ya ƙarasa karin kumallonsa. Abin da za a matsar shi ne lokacin fara darasi da lokacin da ake lissafa yaro a makararre. Awar da aka rasa kuma ba ta ɓata duka ba. Asambuli kaɗai yana cin minti ashirin zuwa rabin awa, in an soke shi an mayar da rabi. A ƙara rabin awa a lokacin tashi, a cike. A watannin zafi ba mai son yaro ya kai ƙarfe biyu a makaranta, amma a Janairu ƙarfe biyu lokaci ne mai daɗi. Kuma duka-duka sati nawa ne? Biyu kafin hutun Disamba, shida bayan an dawo. Inda na yarda da wuya shi ne makarantun da ake yin 'yan safe da 'yan yamma saboda cunkoso, domin in an ja na safe an danne na yamma, ga magariba na yi da wuri. A nan ko rabin awa aka samu an rage.

Ba kuma sabon abu ba ne a taɓa jadawali saboda yanayi. A 2025 jihohin Bauchi da Katsina da Kebbi da Kano sun daidaita hutun makarantu ya faɗo cikin azumi, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai har da ƙungiyar Kiristoci ta CAN. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, ya nuna cewa jadawalin makaranta ba saukakke ba ne, alƙalamin kwamishina ke rubuta shi. A Indiya, idan sanyi da hazo suka yi tsanani a Janairu, hukumomin Delhi da Uttar Pradesh sukan rufe ƙananan azuzuwa ko su matsar da lokacin shiga. Ingila da muka gaji tsarin zango uku daga wurinta, makarantunta galibi tsakanin takwas da rabi da tara suke farawa, kuma a ƙarshen Oktoba sukan mayar da agogo baya da awa ɗaya, safiya ta yi haske. Mu da muka ara, mun fi mai kora shafawa. A kuma tuna azumi yana matsowa da kusan kwana 11 a kowace shekara. A 2025 farkon Maris ya kama, nan da 2030 a farkon Janairu za a ɗauke shi, tsakiyar ɗari. Uwar da ta tashi dafa sahur ita ce dai za ta dafa ruwan wanka. Gara a fara tunanin tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani abin da ya fi awa ɗaya da nake ganin muna asararsa, shi ne hunturun kansa a matsayin lokacin yara. Da can shi ne lokacin da ya fi kowanne daɗi a wurinmu. An gama kaka, rumbu ya cika, ba noma ba ciyawa. Ga rake, ga dankali, ga gyaɗa, magarya ta nuna. Da rana langa da ƙwallon tsumma, 'yan mata na carafke da 'yar gala-gala, in da farin wata su fita gaɗa a dandali. Da dare a tattaru a ɗakin kaka, ta tura dankali cikin toka, ta ce “Ga ta nan, ga ta nanku”, mu ce “Ta zo mu ji ta”, Gizo ya yi ta tsula tsiyarsa har barci ya kwashe mu ɗaya bayan ɗaya kafin a kai ƙurunƙus. Yanzu dubi ranar 'ya'yana. Boko daga bakwai da rabi zuwa biyu saura. Su ci abinci a tsaitsaye, huɗu saura su tafi Islamiyya, sai daf da magariba. Bayan isha'i jinga, shafi uku na lissafi, biyu na Turanci, ga hadda. Asabar da Lahadi tahfiz tun takwas na safe. Ranar da ba Islamiyya akwai boko, ranar da ba boko akwai Islamiyya, babu safiya ɗaya a mako da yaro zai kwanta har rana ta taɓa bango. Hutun Disamba ma, sati biyu ko uku, sai a ce akwai darasin hutu, a biya. Ban ce a rage karatun addini ba, kuma ban ce boko ba ta da amfani ba, ni ne nake biyan kuɗin duka biyun da gumina. Amma malaman Islamiyya su ma maganar ta shafe su: tahfiz ɗin Asabar in ya fara ƙarfe tara a watannin nan, ba ayar da za ta gudu.

Hutun da ya wuce mahaifiyata ta zo duba ido ta yi mana kwana goma. Wani dare aka ɗauke wuta, wayoyi duk ba caji, yara suka rasa abin yi suka taru a ɗakinta. Ta aiki na tsakiya ya sayo dankali, ta binne a kaskon gawayi a bakin ƙofa. Ina daga waje na ji ta fara. Autan bai ma san amsar ba, sai da yayarsa ta raɗa masa. Da aka kawo wuta wajen tara da rabi, ba wanda ya motsa ya nufi talabijin. Washegari tun da yamma yake bin ta yana cewa, “Hajiya, yau ma za a ɗauke wuta?”

Mu iyaye ma da namu laifin, kuma ba zan boye nawa gidan ba. Na sha ce wa maman yara a mayar da wankan nan na rana, in sun dawo daga makaranta ruwa ya sha rana, da safe a wanke fuska da hannu da ƙafa a shafa mai a tafi. Ta ce, “Wato a ce 'ya'yana ƙazamai ne? Ba da ni ba.” Har yau muna kan wannan shari'ar, kuma ba ni ke da rinjaye ba. Wanda ba na wasa da shi shi ne shigar da gawayi ɗaki. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta wuce da shi, yara kuma su take fara kayarwa. In an ɗumama ɗaki a fitar da kaskon kafin a kwanta, a bar kafar iska. Haka hitar da ake tsomawa a bokiti a manta, a ɗauke wuta a dawo da ita tsakar dare. Ma'aikatan kashe gobara duk shekara sai sun yi wannan jan kunne a rediyo, domin a hunturu komai a bushe yake, iska kuma na jiran tartsatsi.

In na yi kukan 'ya'yana da suke da bargo da singileti biyu, sai in ji kunya idan na buɗe ƙofa da asuba na ga almajirai a rakuɓe a jikin shagon mai shayi suna jiran ya hura wuta. Su ba lokacin shiga aji ne matsalarsu ba, wurin kwana ne. A Fabrairun 2025 gobara ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara, yara 17 suka rasu. Aka yi ta'aziyya, aka yi alkawura, aka shiga wata sabgar. Wannan magana ce mai zaman kanta, ta fi ƙarfin gefen wannan rubutu. Abin da ya sawwaƙa a yau shi ne suwaitar da ta yi wa ɗanka kaɗan kada ta kwana a ƙasan akwati.

Bayan abin da ya faru ranar Talatar nan na zaga na samu iyaye takwas a cikin masu kawo yara a babur da a-daidaita-sahu, muka rubuta takarda da sunan ƙungiyar iyaye da malamai. Ba mu ma nemi duka ba, abu biyu muka roƙa: a bar yara su sa suwaitar gida, a kuma ƙara ko rabin awa ne kafin a ja ƙofa. Hedimasta ya karɓe mu da mutunci, har da ba mu kujera, fanka a kashe, shi ma da rigar sanyinsa a ƙarƙashin babbar riga. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce magana ce mai kyau, zai kai wa mai makaranta, za a zauna a kanta da zarar an gama jarrabawar tsakiyar zango. Da na fito na duba takardar jadawalin da suka manna a allon sanarwa. Jarrabawar a makon ƙarshe na Fabrairu take, lokacin da an ninke barguna an fara neman mafici.